Muryar Hajia Fusena a Makarantar Waya

Litinin, 13 ga Oktoba, bayan Asuba

Da sunan Allah. Ruhaina ce ta sa ni wannan rubutu tun bara, wai in riƙa ajiye abin da ke faruwa a makaranta saboda bincikenta. Bincike ya ƙare, hannu kuma ya saba.

Jiya ta zo daga unguwar Kawukudi da kwamfutarta a jaka, ko takalmi ba ta gama cirewa ba ta ce, "Goggo, ya fito." 'Yar yayana ce, tana karatun digiri na biyu ta intanet, da rana kuma tana aiki a kantin magani. Abin da ya fito shi ne rubutun da ta yi a kan makarantarmu. Wata mujalla ta masu binciken karatun nesa ce ta buga, irin wadda ba a sayarwa, kowa a duniya ya buɗe ya karanta kyauta. Ta riƙa karantawa da Turanci tana juya mini zuwa Hausa. Na ji sunana, Samiratu, a cikin Turancin, sai na ji kamar wata ake kira.

Makarantar tamu ba ɗaki ba tabarma. Waya ce. Mata ne manya, yawancinsu na Kasuwar Malam Atta, waɗanda ƙuruciya ta wuce ba su riƙe allo ba, yanzu kuma ba za su iya zama cikin jikokinsu suna babbaƙu ba. Ni nake aika darasi da murya bayan Asuba, kowace ta saurara a rumfarta, ta maimaita, ta aiko mini ni kaɗai, in gyara in mayar mata. Ba wadda take jin tuntuɓen wata. Iyakar dabarar ke nan, amma Ruhaina ta cika shafuka da ita.

Ta haɗa da muryoyi kaɗan don mai karatu ya ji yadda ake gyara. Sunayen ɗaliban duk ta canza su. Kafin ta saka na tambaye su a cikin darasi, kowace ta ce to.

Na ce mata in wata mace a wani gari ta koyi harafi ɗaya ta wannan hanya, ladan ya ishe mu. Ta ce Goggo kullum hankalinki yana lahira. Alhamdulillahi.

Alhamis, 16 ga Oktoba, da hantsi

Yau saƙo ya yi ƙaranci. Na ce ko ruwan jiya ne, don babbar kwata ta cika, wuta ma ta ɗauke.

Amma Hajia Fusena ba ta aiko ba, ita kuwa ko ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita sai da ta aiko tana nishi. Ita ce magajiyar masu tumatir a Malam Atta. Ta je Makka, tana zama a gaba a kowane suna da kowane biki, in an zo addu'a a hannunta ake sa littafi. Ranar da ta fara zuwa wurina, da kanta ta rufe ƙofata, ta ce abin da za ta faɗa mini ko maigidanta har ya rasu bai sani ba. Ba ta san harafi ko ɗaya ba. Surorin sallah da kunne ta ɗauke su.

Wataƙila wayarta ce ta lalace.

Juma'a, 17 ga Oktoba, bayan Azahar

Waya shiru.

Asabar, 18 ga Oktoba, bayan La'asar

Zakiya tela ta shigo. Maƙwabciyata ce, ɗalibata ce kuma. Ta zauna ba ta cire mayafi ba, ta gaishe ni har sau biyu, sannan ta miƙo mini wayarta ta kau da kai.

Muryar Hajia ce, ta watanta na farko, yau fiye da shekara. Tana babbaƙu kamar yarinya, tana tsayawa, tana komawa baya. A tsakiya sai ta katse, ta ɗaga muryar nan tata ta kasuwa ta ce wa wani direba ba nan ake sauke tumatir ba, ko idonsa a aljihu yake. Sannan ta dawo da ƙaramar murya ta ce, Malama yi haƙuri, ta ci gaba.

Ruhaina ta sa mata wani suna a rubuce. To amma wa ke nan a unguwanninmu na Nima da Maamobi da bai san wannan tsawa ba? Wani ya ɗauko daga mujallar, ya yanke gyaran da na yi mata, ya sa kiɗa a ƙarƙashi, ya watsa. Har sun sa mata suna. Ba zan rubuta shi ba.

Na ce wa Zakiya ai na tambaye ku. Ban faɗa don kare kaina ba, abin ne ya ɗaure mini kai. Ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"Malama, da bakinki kika tambaya. Wa zai ce miki a'a?"

Bayan ta tafi na zauna ina tuna makarantar mahaifina a nan zauren. Tun ina yarinya har ya rasu ban taɓa jin ɗalibi ya ce masa a'a ba. Ya ce ɗebo ruwa, to. Ya ce wanke allonka, to. Ya ce abin da ba ka fahimta ba, to. Wannan to ɗin ladabi ne, ba yarda ba ce. Ruhaina ta kai wa malamanta ita a matsayin yarda, ba ta da laifi, ba ta zauna gaban allo kamar ni ba. Ni ce na san haka, ni ce kuma na yi tambayar.

Alhamdulillahi a kowane hali.

Lahadi, 19 ga Oktoba, da yamma

Ruhaina ta zo ido a kumbure. Ta riga ta rubuta wa masu mujalla. So take ta janye komai, rubutu da murya, ta ce ko digirin ma ba ta so. Na ce ta fara cin abinci. Ta ci tuwo kaɗan tana magana ita kaɗai, wai ta bi duk ƙa'idar da aka koya mata, ta ɓoye sunaye, ta ɓoye shekaru. Na ce a Zongo, unguwannin nan namu da kowa ya san kowa, murya ta fi suna.

Ba digirinta ne ya hana ni sukuni ba, Allah ya sani, kuma na ji kunyar hakan. Matan nan ne. Abu ɗaya na yi musu alkawari, ba wanda zai ji. In suka tafi ba wata makaranta za su koma ba. Za su koma riƙe littafi a taro suna motsa baki.

Talata, 21 ga Oktoba, bayan Azahar

Masu mujalla sun amsa da mutunci. Sun sauke muryoyin tun jiya. Rubutun kuma sun ce zaɓi na Ruhaina ne, ta bar shi ko ta janye.

An sauke daga can, amma yana cikin aljihun kowa.

Laraba, 22 ga Oktoba, bayan La'asar

Na je kasuwa. A cikin trotro, motar haya, wani saurayi a bayana ya kunna wa abokinsa muryar Hajia. Na yi ta kallon bayan kujerar gabana har muka isa.

Hajia tana kan kujerarta tsakanin kwanduna, gyale mai ruwan zinariya, kamar ba abin da ya faru. Ta ga ni tun daga nesa. Kafin in buɗe baki ta miƙe, ta ce maraba da Malama, ta sa aka kawo mini benci, ta sa aka sayo mini ruwan sanyi. Ta tambayi gida, ta tambayi ƙafata, ta tambayi yayana da iyalinsa ɗaya bayan ɗaya. Duk lokacin da na ce Hajia, sai ta tuna wani da ba ta tambaya ba. Sannan ta zaɓo tumatir mafi kyau ta cika mini leda, ta ƙara gyara, ta ƙara, har ledar ta kusa yagewa. Ta raka ni har bakin layi ta ce in gaida gida.

Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi.

Tumatir ɗin yana nan a kwano. Na kasa dafa shi, na kasa bayar da shi.

Alhamis, 23 ga Oktoba, bayan Asuba

Na aika darasi kamar kullum. Waɗanda suka amsa ba su cika hannu ɗaya ba. Ɗaya daga cikinsu a rubuce ta amsa, ta ce daga yau ba za ta ƙara aiko da murya ba. Yaya ake gyara karatu ba murya?

Juma'a, 24 ga Oktoba, bayan Magariba

Na san wanda ya yanka ya watsa. Zakiya ta faɗa mini tun ban tambaya ba. Sahu ɗaya muke tsayawa da uwarsa a masallaci, yau ma kafaɗarta tana jikin tawa. Ba zan rubuta ba. Ba shi ya buɗe ƙofar ba, shiga kawai ya yi.

Litinin, 27 ga Oktoba, da hantsi

Na aika darasi. Waya shiru. Na dafa tumatir ɗin don kada ya zama almubazzaranci.

Talata, 28 ga Oktoba, bayan Azahar

Wata baƙuwar lamba ta aiko da murya. Na yi jinkirin buɗewa, don kwanakin nan ba kowane saƙo ne alheri ba.

Mace ce, tana magana ƙasa-ƙasa, ana jin ƙarar famfo a bayanta. Ta ce sunanta Salimatu, 'yar Maamobi ce, tana aikin gida a Kuwait, wurin ƙanwarta ta samo lambata. Ta ce abin ya iso mata a zauren waya na 'yan unguwarsu, kowa yana aiko da fuskar dariya, ita kuwa ta shiga kicin ta saurara ta sake saurara. Ta ce, Malama, daidai inda Hajia take tsayawa, ni ma nan nake tsayawa. Shekarunta sun kusa hamsin. Yaran gidan da take aiki suna karatu a gabanta kullum, ita tana goge tebur tana yin kamar ta sani. Ta ce da ta ji mace kamar Hajia Fusena tana babbaƙu, sai ta ga ashe ba a makara. Ko zan ɗauke ta?

Na aika mata darasin farko kafin in tashi daga wurin.

Alhamis, 30 ga Oktoba, da yamma

Wasu biyu sun biyo bayan Salimatu, ɗaya daga zongon Kumasi, ɗaya daga unguwar Old Fadama mai sayar da doya. Ruhaina kuma ta ce wani malami a Tamale ya karanta rubutun, ya aiko yana tambayar yadda ake tsara darussan, yana da manyan mata da suka ƙi zuwa ajinsa. Ta faɗa mini kamar mai kawo labarin rasuwa. Na ce mata wannan ai shi muka roƙa.

Raina yana so Hajia ta ji muryar Salimatu. Hannuna har ya kai kan wayar. Sai na tsaya. Amana ce ita ma. In kuma na tambaye ta, me za ta ce in ba to ba?

Muka zauna ni da Ruhaina da Zakiya muna juya abin. Ruhaina ta ce a rubuta takarda a sa hannu. Zakiya ta ce takardar da Malama ta aiko ai Malama ce. A ƙarshe ga abin da muka tsaya a kai. Ba ni zan yi tambaya ba, kuma ba za a jira amsa ba. Zakiya za ta gaya wa Salimatu halin da ake ciki, ta ce in tana so Hajia ta ji abin da ta faɗa, ta aika mata da kanta, lambar Hajia tana nan da jan fenti a allon rumfarta, kowa ya sani. In ba ta so, ta yi shiru, Malama ba za ta taɓa sani ba.

Ruhaina ta ɗauko biro tana rubuta wannan. Karon farko ke nan da na ga fuskarta ta saki.

Asabar, 1 ga Nuwamba, bayan Asuba

Ban sani ba ko Salimatu ta aika. Haka muka shirya. Ban yi zaton rashin sanin zai yi nauyi haka ba.

Talata, 4 ga Nuwamba, bayan La'asar

Ruhaina ta fasa janyewa. Za ta ƙara wani sashe a ƙarshen rubutun ta faɗi abin da ya faru a fili, don duk wanda zai yi bincike a makaranta irin tamu kada ya aiko malami ya nemo masa yardar ɗalibai. Ta rubuta cewa kuskurenta ne. Na ce ta gyara ta ce namu. Ta ce Goggo ba haka ake rubutawa ba. Na ce to a fara daga yau.

Salimatu tana da kunne. Ta wuce inda take tsayawa.

Daga Malam Atta shiru.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, bayan Magariba

Bari in rubuta a hankali, kada in tsallake wani abu.

Yau aka yi taron sunan jikan wata abokiyar kasuwar Hajia a Maamobi. Ban so zuwa ba, amma an gayyace ni da baki, rashin zuwa zai zama magana. An kafa rumfa a titi, kujerun roba, lasifika, mata sun yi anko shuɗi. Na zauna can gefe ni da Ruhaina. Matar da muke sahu ɗaya tana nan ita ma.

Hajia ta zo a makare. Tana shigowa wata yarinya a baya ta faɗi sunan nan, ba da ƙarfi ba, amma an ji, dariya ta bi layin kujeru kamar iska. Na sunkuyar da kai. Da na ɗago sai na ga ba kujerarta ta nufa ba. Wurin mai sanarwa ta je, ta karɓe makirfo daga hannunta kamar tana karɓar kwando daga mota.

Ta yi sallama, ta yi wa mai jego barka, sannan ta ce:

"Na ji an raɗa mini suna ba a yanka rago ba. Hajia Ba-guje. To, na karɓa. Harafi ne, kuma nan na fara."

Yanzu na iya rubuta shi, tunda ita ta faɗa.

Ba wanda ya yi dariya. Ta ce shekaru tana zama a gabansu suna sa mata littafi a hannu tana motsa baki, ba wanda ya kama ta, wataƙila don rabin masu kallonta su ma bakin suke motsawa. Ta ce sun ji inda ta fara ba da izininta ba, yau za su ji inda ta kai da izininta. Ta sa aka kawo littafi. Ta ƙi buɗewa da kanta, ta miƙa wa wata tsohuwa, matar liman, ta ce Inna buɗe inda kika ga dama, kada a ce hadda na yi.

Tsohuwa ta buɗe can tsakiya, wurin da ba mu taɓa bi ba.

Ta ɗora yatsa a kan layi ta fara. A hankali, harafi yana kama harafi, muryar nan da take tsayar da manyan motoci ta koma taushi, lasifika yana kai ta har bakin titi. Ta yi layi, ta yi na biyu, ta yi na uku. A wani wuri ta tsaya. Ta koma baya ta sake tsayawa. Sai ta ɗago kai tana neman wani a cikin taron, kuma na san ni take nema.

Ban shirya ba, bakina ne ya yi abin da ya saba. Na ce, "Madalla, Hajia. Sake, ba ma sauri."

Ta sake, ta wuce. Ta kai ƙarshen shafi ta rufe.

Sannan matar liman ta rangaɗa guɗa, tsohuwa da ita, taro ya ɗauka. Ruhaina ta riƙe hannuna har ya yi mini ciwo. Ni ban san lokacin da na jiƙa mayafina ba.

Bayan an raba abinci Hajia ta zo inda muke. Na miƙe. Na ce Hajia ki yafe mini, kuma wannan karon ba ta tambayi lafiyar kowa ba, ta bar ni na kai ƙarshen maganata. Ta ce ta ji. Ta ce yafiya tana hanya, ba ta iso ba tukuna, amma gobe in aiko darasi, an bar ta a baya. Ta ce wata yarinya a Kuwait ta sa ta kuka a gaban tumatir, kwastoma yana tsaye yana jiran canji.

Ashe Salimatu ta aika.

Sannan ta juya ga Ruhaina ta ce, ke 'yar boko, ki mayar da muryata inda kika ɗauke ta. Ta farko da ta yau, a jere, da sunana na gaskiya, da gyaran Malama da ɓarayi suka yanke. Ruhaina ta durƙusa ta ce Hajia, yanzu akwai sabuwar ƙa'ida, sai ki koma gida ki yi tunani, in har kina so ki aiko da kanki.

Hajia ta dube ta daga sama har ƙasa.

"Da ban so ba kuka saka. Yau da nake so da bakina, shi ne za ku ce in je in yi tunani?"

Ruhaina ta ce e, Hajia. Na ɗauka za a yi tsawa. Sai Hajia ta yi dariya har ta dafa kafaɗata, ta ce wannan yarinyar za ta yi kasuwa.

Alhamdulillahi. Alhamdulillahi.

Litinin, 10 ga Nuwamba, da hantsi

Na aika darasi. Kafin in gama shan koko Hajia ta amsa. Akwai kuskure biyu, na gyara.

Laraba, 12 ga Nuwamba, bayan Azahar

Ɗalibai suna dawowa. Ba wadda ta ce komai a kan tafiyarta, ni ma ban ce ba. Kowace ta ɗora daga inda ta ajiye.

Akwai sababbi kuma. Wata daga cikin masu anko shuɗi ta tare ni a bakin famfo, ta yi ta zancen tsadar gawayi, sannan ta ce wai ƙanwarta ce take son lambata. Na ba ta. Da yamma saƙo ya shigo, muryar ƙanwar da tata iri ɗaya ce sak. Ban nuna na gane ba.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, bayan La'asar

An bi sabuwar hanya da kowa. Zakiya ta sanar cewa Ruhaina za ta mayar da muryoyi, duk mai so ta aika mata da kanta, wadda ba ta so ta yi shiru, ba za a faɗa wa Malama ba. An kuma gaya musu dalla-dalla abin da kowa yake nufi: maza da mata, na Nima da na nesa, masu neman ilimi da marasa aikin yi.

Ita Zakiyar ba ta tsaya a shiru ba. Ta leƙo ta taga, almakashi a hannu, ta ce, "Malama, ni dai a'a." Ta tsaya tana kallona ta ga abin da zai faru.

Na ce Allah ya yi miki albarka. Ta ce ashe ba a mutuwa. Muka yi ta dariya, ita a waje ni a ciki. Shekara nawa ina koyarwa, yau ɗaliba ta fara ce mini a'a, kuma ban taɓa jin daɗin wata amsa kamar wannan ba.

Talata, 18 ga Nuwamba, bayan Asuba

Lamisi ba ta dawo ba. Tana cikin na farko-farko, har ta fara haɗa kalmomi. Ba muryarta aka watsa ba, amma ta tsorata. Ina aika mata darasi kullum kamar kowa. Ba ta buɗewa. Zan ci gaba.

Alhamis, 27 ga Nuwamba, da yamma

Rubutun ya sake fitowa a mujallar. Ruhaina ta nuna mini. Ga rubutun, ga sashen da ya faɗi kuskurenmu da hanyar da muka samo, ga muryoyin waɗanda suka aiko da kansu. Ba su da yawa. Na Hajia ne a sama, biyu a jere, da sunanta cikakke. Ta aiko su tun washegarin suna, Ruhaina ta ƙi taɓawa sai da mako ya zagayo, kullum kuma Hajia sai ta kira ta ta ce ta gama tunani.

Darussana ma an saka su duka, daga babbaƙu har farfaru, kowa ya ɗauka ya koyar, ya juya bayanin zuwa harshensa in ya so. Wannan nawa ne, ni na ce a saka, kuma ni ma an sa ni na yi makon tunani. Malamin Tamale ya riga ya fara juya su zuwa harshen Dagbani.

Na tambayi Ruhaina ko ba ta tsoron a sake yanka. Ta ce za a iya. Ta ce amma Hajia ta kunna wa duk layin tumatir da kanta, har da direban da ta yi wa tsawa, me ya rage a sata?

Litinin, 1 ga Disamba, bayan Azahar

Ɗalibai sun fi ƙarfina. Ina gama Asuba har hantsi ina gyara, wayar tana zafi a hannuna. Na faɗa wa Hajia jiya, ba don ta yi wani abu ba. Ta ce in ba ta 'yan babbaƙu, wannan wurin ta fi ni saninsa. Aka sanar ta bakin Zakiya, masu so suka koma wurinta da kansu. Salimatu ce ta fara.

Ɗazu Hajia ta turo mini gyaran da ta yi mata, don in duba ko ta yi daidai. Ta ce kafin ta turo sai da Salimatu ta ce a turo, ba ita ta tambaya ba, in rubuta wannan a littafina.

Na kunna. Ana jin kasuwa, ana jin ana sauke kwanduna. Salimatu ta karanta, ta tsaya a wani wuri. Sai muryar Hajia, a tausashe:

"Madalla, 'yar'uwa. Sake, ba ma sauri. Ni ma a nan na tsaya, duk Nima shaida ce."

Gyaran daidai ne. Ban ƙara komai ba.